Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Tarihin Masu Neman Sanyi a Dutsen Kamaru

A ƙarshen watan Afrilun 1909 ƙasa ta soma girgiza a Buea, fadar mulkin Jamusawa a Kamaru. Aka yi kwanaki ana jin rugugi daga cikin dutsen da garin ke jingine da shi, daga bisani wuta ta ɓalle daga can sama, narkakken dutse ya fara malala. Ma'aikatan gwamnati suka tattara takardunsu suka gangara Douala, birnin bakin teku mai zafi da sauro wanda suka guje wa shekara takwas kafin nan. Da dutsen ya lafa sai suka sake hawowa, domin a lissafinsu zama kusa da wuta ya fi sauƙi a kan zama cikin zazzaɓi.

Wannan lissafi shi ne ya yi ta jawo baƙi zuwa Dutsen Kamaru tun tsakiyar ƙarni na 19. 'Yan mishan da masana tsirrai da 'yan kasuwa da sojoji da gwamnoni duk sun hau shi suna neman abu guda, wato iska mai sanyi a tsakiyar ƙasar zafi. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba: raɓa takan kwana a kan ganye, hantsi ya kore ta, kaba kuwa tana nan daram. A gindin wannan dutse karin maganar ya juye. Baƙon da ya zo shan iska ya zauna ya mallaki ƙasa, 'yan gari suka koma gefe, kuma har yau ba a gama warware abin da ya biyo baya ba.

Dutsen da ke tatsar teku

Dutsen Kamaru yana kudu maso yammacin ƙasar, ƙafarsa cikin tekun Atlantika, ƙololuwarsa kuma ta haura mita 4,000. Babu wanda ya kai shi tsawo a duk gaɓar yammacin Afirka. Ɗaya ne daga jerin tsaunukan da aman wuta ya haifar, jerin da ya faro daga tsibiran São Tomé da Bioko, ya ratsa tsaunukan Bamenda, ya miƙa rassa zuwa Adamawa da Mambila da tudun Biu. Yawancin 'yan uwan nasa sun daɗe da yin barci, amma shi bai runtsa ba: ya yi amai a 1909 da 1922 da 1954 da 1959 da 1982 da 1999 da 2000.

Iskar damina takan taso daga teku jiƙe sharkaf, sai ta yi karo da wannan katanga, ba ta da hanya sai sama. Duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6, don haka tururin da iskar ta ɗauko yakan daskare ya zama gajimare, gajimaren ya zama ruwa. Ƙauyen Debundscha, wanda ke fuskantar teku kai tsaye, yakan samu ruwan sama kimanin milimita 10,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau goma. Wurare kaɗan ne a duniya suka kai shi jiƙa.

A tsakiyar hawan, gajimare yakan sauko ya zauna cikin itatuwa, ya yini yana yawo a tsakaninsu kamar hayaƙi. Wannan shi ne kurmin gajimare. Gansakuka ta lulluɓe rassa, wasu tsirrai sun tsiro a jikin wasu ba tare da taɓa ƙasa ba, ganye na ɗigar da ruwa ko ba a yi ruwan sama ba, domin itatuwan kansu ne ke tace danshin iska. Akwai giwayen kurmi a ɓangaren yamma, akwai kuma wata irin fakara da ba a samunta ko'ina a duniya sai a nan. Da an ɗan wuce mita 2,000 kurmin yakan yanke kamar an sa wuƙa, sai ciyawa, sai baƙar ƙasa da toka, sai sanyin da kan kai ga daskarar da ruwa a ƙoli.

Wani abin mamaki shi ne ƙishirwa na cikin manyan haɗurran hawan wannan dutse. Duwatsun da aman wuta ya bari cike suke da ƙofofi, ruwa na sauka sai su shanye shi, ya nutse ya ɓullo can ƙasa. Maɓuɓɓugan da ke sama 'yan ƙalilan ne, kuma wanda ya san inda suke shi ke riƙe da ran matafiyi. Tun fil azal wannan sani yana hannun mutanen wurin.

Masu gida

Mutanen da ke zaune a gangaren kudu da gabas su ne Bakweri, waɗanda ke kiran kansu Mokpe. Ƙauyukansu a warwatse suke, kowanne da shingensa da dattawansa, ba su da sarki guda mai iko a kan kowa. Suna noman gwaza da ayaba, suna kiwon awaki da aladu da gajerun shanu, mazansu kuma na hawa sama farauta da ɗiban zuma. Suna kiran ƙololuwar Fako. A gargajiyarsu dutsen na da mai shi, Efasa Moto, wanda ake siffantawa da rabi mutum rabi dutse, kuma idan wuta ta tashi akan ce shi ne ya fusata.

Ƙasar da suke nomawa na cikin mafiya albarka a Afirka, domin tokar aman wuta taki ce idan ta ruɓe. Samansu sanyi, ƙasansu teku da mashigar jiragen ruwa. Duk abin da ya sa wurin ya yi musu daɗin zama shi ne kuma ya sa ido ya faɗa kansa.

Baƙin farko

Turawan Fotugal sun iso mashigar kogin Wouri wajajen 1472, suka raɗa masa suna da jatan landen da suka tarar a ciki, kuma daga wannan suna aka samu Kamaru. Sai dai sun shafe ƙarnuka suna kallon dutsen daga cikin jirgi. Zama a gindinsa ya fara ne da 'yan mishan na ɗariƙar Baftis. Joseph Merrick, baƙar fata ɗan Jamaika, ya kafa tasha a Bimbia a 1844. A 1858, bayan Sifaniyawa sun hana wa'azin Furotesta a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau, Alfred Saker ya ƙetaro da mabiyansa, ya karɓi fili daga Sarki William na Bimbia, ya kafa garin Victoria, wanda aka sauya wa suna zuwa Limbe a 1982.

A wancan zamani Turawa na kiran gaɓar yammacin Afirka kabarinsu, saboda yadda zazzaɓi ke karkashe su. Ba su san sauro ne ke kawo shi ba, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da hakan. Abin da suka yi imani da shi shi ne muguwar iskar fadama ce ke sa cutar. Kwinin ya fara ba su kariya, musamman bayan tafiyar William Baikie a kogunan Kwara da Binuwai a 1854, wadda aka dawo ba a rasa kowa ba. Duk da haka tunanin gujewa iskar ƙasa bai gushe ba, kuma ko da dalilinsu kuskure ne, maganin ya yi aiki: a kan tudu mai sanyi sauro ba ya yawa.

Da wannan tunani Richard Burton, ƙaramin jakadan Birtaniya a Fernando Po, ya hau dutsen a ƙarshen 1861 zuwa farkon 1862, tare da Saker da wani masanin tsirrai Bajamushe, Gustav Mann, wanda ke tara wa lambun Kew na Landan iri. Maɓuɓɓugar da suka yi sansani kusa da ita har yau sunan Mann take amsawa a taswira, ko da yake mafarautan yankin sun riga shi saninta. A littafin da ya fitar a 1863 Burton ya ba da shawarar a gina wa Turawa gidan jinya a kan dutsen, inda wanda zazzaɓi ya kayar zai hau ya murmure. Gwamnatinsa ba ta kula ba, amma shawarar ta shiga kunnen wasu.

A farkon shekarun 1880 wasu samari 'yan Suwidin, Knut Knutson da Georg Waldau, suka zo suka tare kusa da wannan maɓuɓɓuga, daga baya suka sauko ƙauyen Mapanja. Sun zo ne da niyyar farauta da tara halittu, sai suka gano akwai roba a cikin kurmin, suka shiga cinikinta, suka kuma fara ƙulla yarjejeniyoyin mallakar fili da dattawan ƙauyuka. Dattawan na ganin masauki suka ba baƙo, kamar yadda aka saba. Takardun kuwa suna cewa an sayar.

Yaƙin Buea

A watan Yulin 1884 Gustav Nachtigal ya kafa tutar Jamus a Douala bayan yarjejeniya da sarakunan garin, kuma a 1887 Birtaniya ta miƙa wa Jamus Victoria. Amma ƙauyen Buea, wanda ke kimanin mita 900 daga doron teku, ya ƙi miƙa wuya. Jagoransa Kuva Likenye ya tara mayaƙa, ya kewaye garin da shinge.

Ranar 5 ga Nuwamban 1891 wani hafsan Jamus, Karl von Gravenreuth, ya hawo da rundunar da yawancinta bayi ne da ya sayo daga Sarki Behanzin na Dahomey. Bindigarsu mai sarrafa kanta ta cije a daidai lokacin da ake buƙatarta, aka harbe Gravenreuth a bakin shingen, rundunar ta watse ta koma teku da ƙyar. Shekara uku Buea ta yi tana cin gashin kanta. A Disamban 1894 Jamusawa suka dawo da shiri, cikin hafsoshinsu har da Hans Dominik, wanda daga baya ya jagoranci yaƙe-yaƙe a ƙasar Adamawa. Garin ya faɗi, Kuva ya gudu, ya rasu ba da daɗewa ba. Sharuɗɗan sulhu sun haɗa da tarar shanu, da ba da ma'aikata, da barin filin da garin yake a kai. A kan wannan fili aka gina tashar gwamnati.

Bayan wata tara, a Satumban 1895, wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Kingsley ta iso wannan sabuwar tasha jiƙe da taɓo, wani hafsan Jamus ya sauke ta. Ta zaɓi hawa ana tsakiyar damina. Sanyi ya karya yawancin 'yan dakonta, ruwan sha ya yi musu ƙaranci a sama, kuma da ta kai ƙoli iska da hazo suka rufe ko'ina, ba ta ga komai ba daga abin da ta hau domin ta gani. Littafinta na 1897 ya sa masu karatu a Ingila sun ƙaunaci dutsen. A shekarun da suke karanta shi, ana can ana yanka gangarensa gunduwa-gunduwa.

Fada a sama, gandu a ƙasa

A 1896 Jamus ta fitar da doka wadda ta mayar da duk ƙasar da ta kira marar mai ita mallakar gwamnati. Bakweri na noma ne su bar gona ta huta, suna kuma da dazuzzukan farauta da makiyaya, don haka mafi yawan ƙasarsu ta faɗa cikin wannan ma'ana. Aka raba ta ga kamfanoni. Mafi girmansu, wanda Max Esser ya kafa a 1897 da sunan Victoria, ya shimfiɗa gandayen koko, daga baya aka ƙara roba da kwakwar manja da ayaba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin hekta 100,000 na ƙasar da ke kewaye da dutsen ta koma hannun Turawa. Aka tattara ƙauyuka aka cusa su cikin 'yan keɓaɓɓun filaye, har 'yan mishan na Basel, waɗanda suka gaji Baftis a 1886, suka kai ƙara cewa abin da aka bar wa mutane ba zai ciyar da su ba.

Gwamnan da ya jagoranci wannan aiki, Jesko von Puttkamer, shi ne ya ɗauke fadar mulki daga Douala zuwa Buea a 1901. Ya gina wa kansa gida mai siffar gidajen sarautar ƙasarsu, wanda har yau yana tsaye. Aka kawo shanun madara daga Jamus, aka shuka furanni da kayan lambu irin na Turai, aka gina maɓuɓɓugar tunawa da Bismarck, aka ja siririn layin dogo daga Victoria zuwa Soppo, dab da garin. Mafarkin Burton ya tabbata, sai dai da wani harshe. Wanda ya san yadda Turawan Ingila suka ɗauki Jos, ko yadda suka keɓe unguwanninsu nesa da birane a Kano da Zariya, ya san irin tunanin: lafiyar mai mulki tana cikin nisantarsa da waɗanda yake mulka.

Gandaye na buƙatar hannaye, Bakweri kuma ba su da yawa, ba su kuma da sha'awar yin ƙwadago a ƙasar da aka ƙwace musu. Sai aka juya ga tsaunukan cikin ƙasa. Eugen Zintgraff, wanda ya isa Bali a 1889, ya ƙulla abota da Sarki Galega, kuma ta wannan hanya aka riƙa turo samari zuwa gaɓa. Mutanen nan sun tashi ne a tudu mai sanyi inda zazzaɓin cizon sauro bai yi ƙarfi ba, jikinsu bai saba da shi ba, suka riƙa mutuwa da yawa a gandayen bakin teku. Hanya guda ce ke ɗaukar Bature sama domin ya tsira daga cutar, take kuma gangaro da ɗan tudu cikinta. Koke-koken da sarakunan Akwa na Douala suka aika majalisar Jamus a 1905 na cikin abubuwan da suka jawo aka janye Puttkamer, amma gandayen ba su motsa ba.

Gwanjon Landan

Sojojin Birtaniya sun kama Buea a Nuwamban 1914. Bayan yaƙi aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Birtaniya, kuma daga 1922 yankin dutsen ya zama ƙasar riƙon amana da ake mulka tare da Najeriya. Bakweri sun sa ran za a mayar musu da ƙasarsu tunda an kori wanda ya ƙwace. Maimakon haka aka kai gandayen kasuwa. A gwanjon da aka yi a Landan a 1924 tsofaffin masu su Jamusawa suka sake saye mafi yawansu, har ya kasance kafin 1939 Jamusawan da ke yankin sun fi Turawan Ingila masu mulkinsa yawa.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka sake ƙwacewa. A 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta sayi filayen, ta ayyana su ƙasar 'yan ƙasa, sannan ta ba da hayarsu ga sabuwar hukumar raya Kamaru, CDC, wadda ta fara aiki a 1947. A wannan shekara ta 1946 Bakweri suka kafa kwamitin neman ƙasarsu, suka fara aika koke zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya. Amsar da suka riƙa samu ita ce gandayen na amfanar kowa. Ma'aikata suka ci gaba da kwararowa daga Bamenda da gabashin Najeriya, har 'yan gari suka zama tsiraru a gidansu.

Masanin al'umma Edwin Ardener, wanda ya daɗe a Buea, ya rubuta yadda wannan hali ya shiga zukatan mutane. Wani tsoro ya bazu da ake kira nyongo: ana zargin duk wanda ya yi arziki, musamman wanda ya gina gidan kwano, da cewa ya kashe danginsa ta hanyar tsafi ya tura kurwarsu yin bauta a gonakin ɓoye a Dutsen Kupe. Mutanen da suka ga an kwaso samari daga nesa sun mutu a gandu domin wani ya yi kuɗi ba su rasa dalilin tunanin cewa dukiya na cin rai ba. Tsoron ya sassauta a shekarun 1950, lokacin da manoman Bakweri suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa suka fara fitar da tasu ayabar. Jagoran wannan yunƙuri, Dakta E. M. L. Endeley, haifaffen Buea ne da ya yi karatun likita a Yaba, kuma shi ya zama firimiyan farko na Kudancin Kamaru.

Ƙuri'ar da ta ja iyaka

Daga 1954 Buea ta zama mazaunin majalisar Kudancin Kamaru, yanki mai ɗan ƙwarya-ƙwaryan 'yanci a cikin tarayyar Najeriya. Endeley na son a ci gaba da zama da Najeriya, John Ngu Foncha, wanda ya kayar da shi a zaɓen 1959, na son haɗewa da Kamarun Faransa. A ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 kudu ta zaɓi Kamaru da ƙuri'a 233,571 a kan 97,741, arewa kuma ta zaɓi Najeriya da 146,296 a kan 97,659. Arewar ta zama Lardin Sardauna. Wannan ne dalilin da ya sa Mubi da Gembu suke Najeriya a yau, Buea kuma take Kamaru, alhali takarda guda ta riƙon amana ce ta taɓa haɗa su.

Buea ta riƙe matsayin hedikwatar Kamaru ta Yamma har 1972, lokacin da Shugaba Ahmadu Ahidjo ya soke tsarin tarayya. Gandayen suka koma ƙarƙashin gwamnatin Yaoundé. Da aka sanar da shirin sayar da CDC a 1994, Bakweri suka sake tashi, suna cewa ba a sayar da abin da aka karɓa haya. A 2002 aka sayar da gandun shayi na Tole, kusa da Buea, su kuma suka kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka. An mayar wa wasu ƙauyuka da gutsattsarin filaye a shekarun baya-bayan nan, amma rabonsu ya haifar da sababbin rigingimu, domin filin gini a Buea ya yi tsada tun da aka buɗe jami'a a 1993.

Matafiyin yau

Wanda ya tashi daga Douala a mota, tafiyar kimanin kilomita 70, yana ƙetare kogin Mungo zai fara ratsa layukan roba da ayaba da kwakwar manja ta Tiko. Gandayen Puttkamer ne yake gani. Daga Mutengene hanya ta miƙe sama, zafi na raguwa, har a shiga Buea, garin da titi guda ya ratsa daga ƙasa zuwa sama. Akwai masaukai iri-iri, akwai abincin gargajiya na gurzajjen gwaza da miyar kwakwar manja, da yamma kuma masu tsire, wanda a can ake kira soya, sukan hura wuta a bakin titi. Idan gari ya waye sarari akan ga teku daga ƙofar ɗaki, idan kuma gajimare ya sauko ko gidan maƙwabci ba a gani.

Lokacin hawa shi ne rani, daga Nuwamba zuwa Maris. Tun 2009 mafi yawan saman dutsen ya zama gandun dajin ƙasa mai faɗin hekta kusan 58,000, kuma ana shiga ne da ɗan jagora da 'yan dako daga ƙauyukan da ke kewaye. Hanyar da aka fi bi tana da ɗakunan kwana uku a kan gangare, mutum mai lafiya yakan hau ya sauko cikin kwana biyu ko uku. Wata hanyar takan zagaya ta maɓuɓɓugar Mann da ramukan da wutar 1999 ta bari. A waccan shekara narkakken dutsen ya gangaro har ya datse titin bakin teku kusa da Bakingili, ya tsaya saura ƙiris ya faɗa ruwa, kuma baƙin tudun da ya bari na nan a gefen hanya.

Abin da baƙo ke yi cikin kwana uku, 'yan tsere na yin sa cikin awa huɗu zuwa biyar. Tun 1973 ake gudanar da gasar gudu daga Buea zuwa ƙoli a dawo, tazarar kimanin kilomita 38. Sarah Etonge, 'yar yankin, ta lashe ɓangaren mata sau bakwai, ake mata laƙabi da sarauniyar dutse. Wannan gasa da aikin jagora, da kuma sassaƙen wata bishiyar kurmi da ake haɗa maganin ciwon da ke tsare wa dattawa fitsari, su ne hanyoyin da dutsen ya fara mayar wa mutanensa wani abu kai tsaye.

Sai dai tun ƙarshen 2016 yankin ya faɗa cikin rikicin masu amfani da Ingilishi, wanda tushensa ke komawa ga 1961 da 1972. An katse intanet sama da kwana 90 a 2017, a garin da matasansa suka yi suna wajen fasahar kwamfuta. 'Yan aware sun ayyana ƙasar Ambazoniya a ranar 1 ga Oktoban 2017, suna ɗaukar Buea a matsayin babban birninta. Ranakun Litinin suka zama na zaman gida dole, aka riƙa kai wa leburorin CDC hari har da yanke musu yatsu, ayyukan gandaye da dama suka tsaya, kuma a Fabrairun 2023 abubuwa masu fashewa suka raunata mutane a ranar gasar gudu. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora da masu masauki suka rasa abin yi. A karon nan baƙi sun zama raɓa da gaske, kuma 'yan gari ne suka kwana cikin abin da ya rage.

Bakweri na da wani labari da 'yan jagora kan ba wanda suka raka. An ce Efasa Moto na da gonar rake a can sama, kuma duk wanda ya iske ta yana da izinin ya sha iya cikinsa. Sharaɗi guda ne: kada ya sauko da ko gaɓa ɗaya. Wanda ya ɓoye rake a jakarsa, hazo zai rufe masa hanya, ya yi ta zagaye har sai ya ajiye abin da ya ɗauka.